Ruwan Farko a Lambun Maigida

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakar abin sallah na samu. Jikata ce take rubuta wannan, ni ina faɗa. Na ce mata in ta ji na yi shiru kada ta matsa mini, kuka ne, zai wuce.

A Garuwa aka haife ni, a can aka ɗaura mini aure. Dangin maigidana 'yan kasuwa ne tun kakanninsu da suka zo daga Najeriya. Albasa suke saye buhu-buhu, su loda wa manyan motoci zuwa kudu. Shi kaɗai ya fita daban. Ya ce zaman rumfa yana sa masa ciwon baya, shi ya fi son ya ga abin yana fitowa daga ƙasa. Da aka ce ana neman mai lambu a wata makarantar kwana can cikin daji, a hanyar Touboro, sai ya tafi, ni kuma na bi shi da tukwanena. Aka ba shi lambu, aka ba ni madafa. 'Yan'uwansa suka ce mun haukace. A can muka tsufa.

Makarantar ba ta kusa da kowa. Duk inda ka duba gonakin auduga ne, sai wani tsauni a gabas, sai rafin da mutanen wurin ke kira mayo, wanda da damina yakan tafi da saniya sukutum, da rani kuma ya koma yashi. Yaran daga ƙauyuka daban-daban suke. Akwai 'ya'yan Fulani, akwai namu Hausawa 'yan kaɗan, amma mafi yawa 'ya'yan manoman auduga ne masu zuwa coci. A aji Faransanci suke yi, a waje Fulatanci. Ni Dada suke kirana, shi kuma Baba.

Lokacin ɗari shi ne lokacin da makarantar take da rai. Gari na wayewa malamin wasanni zai busa usur, yara su fito suna karkarwa, wani ya sa safa a hannu maimakon ƙafa, wata ta yafo bargon kwananta har sai an daka mata tsawa ta mayar. Su ruga zuwa gindin tsauni su dawo, bakinsu yana hayaƙi. Ni a lokacin ina tsaye a kan tukunyar kunun gyaɗa, tukunyar da yaro zai iya wanka a cikinta. Masu wayo da gangan suke ja da baya a gudun, don sun san na ƙasan tukunya ya fi kauri. Da yamma ƙwallo ba takalmi, ƙafafu duk faso, har na riƙa ajiye musu man kaɗanya a gwangwani. Ranar Asabar su tafi kududdufan da suka rage a mayo da tsohon gidan sauro, su kamo 'yan kifayen da ba su kai yatsa ba, su kawo mini wai in soya musu kamar wani abin kirki. Su tara karan auduga su hura wuta, su binne dankali a toka, su yi ta faɗa a kan na wane ne ya ƙone.

Amma babban aikin ɗari shi ne lambu. Yana bakin mayo, an kewaye shi da ƙaya saboda shanu. Da ruwan sama ya ɗauke maigida zai yafa irin albasa a 'yan fangaloli, ya rufe da ciyawa, yara su riƙa ban ruwa safe da yamma. In iri ya kai tsawon tafin hannu sai a cire a dasa a babban fili. Ranar dashe biki ce. A tona ramuka a yashi har ruwa ya ɓuɓɓugo, yara su jeru daga mayo zuwa shinge, bokiti yana tafiya hannu zuwa hannu, kowa yana waƙa da yarensu. Albasar nan ita ce miyarsu har a tashi daga makaranta.

Irin kuwa nasa ne. Daga wajen Mindif ya taho da shi tun yana saurayi, ja ne mai yaji, kuma bai taɓa yarda ya gauraya shi da na kasuwa ba. A shekarar da nake ba da labari, manyan da ya ware don su yi fure duk sun ruɓe da damina. Ba abin da ya rage sai 'yar ƙwayar da ke cikin kwalba, ita ma ya yafa ta duka. Ya ce mini bana ko dai a dace, ko a rasa gaba ɗaya.

Iri ya fito kore shar, saura kaɗan a dasa, sai wata safiya ya dawo daga lambu ya zauna a bakin murhuna ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Na zuba masa kunu, ya riƙe kofin yana ɗumama hannu, bai sha ba. Aka ɗauke shi a babur zuwa asibitin ƙauye. Kafin azahar aka dawo mini da shi a kwance. Har yau in na ga mutum ya rungume kofi da hannu biyu saboda sanyi sai in juya kaina. Mutumin kirki ne, wallahi. Bai taɓa cin abu a waje bai rago mini ba.

'Yan'uwansa suka zo daga Garuwa da mota, suka ce in tattara kayana. Na ce takaba a ɗakin da miji ya bar mace ake yin ta, kuma nan ya bar ni. Ba su so ba, amma ba su da ta cewa. Suka koma suka bar mini babbar yayarsa ta zauna da ni. Yaya nake ce mata. Ta yi takaba ita ma a zamaninta, kuma ta san dokokinta kamar yadda ta san 'ya'yanta. Ta kwance mini kitso, ta cire mini 'yan kunne, ta ba ni wata 'yar wuƙa ta ce kada ta bar hannuna. Ba ɗaga murya, ba sauri, ba leƙa waje. Ko bakin ƙofa na matsa don in sha hantsi sai in ji ta ce, "Ina zuwa?"

Ban ƙi ba. A kwanakin farko ma ban san inda kaina yake ba. Abokiyar aikina ta riƙe madafa. Ina daga ɗaki ina jin usur da safe, ina jin ƙafafun yara suna wucewa, sai in ce a raina, to, daga gudu za su wuce ban ruwa. Ban tambayi kowa ba, don ban ga abin tambaya ba.

Akwai wata yarinya a babban aji, doguwa, 'yar wani ƙauye kusa da iyakar Cadi. Ita ce ke riga kowa dawowa daga tsauni, har maza, kuma ita maigida yake damƙa wa 'yan mata a lambu. Wata rana da hantsi ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe mu da Fulatanci. Na ce mata, "'Yata, iri ya isa dashe ko?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ke ake tambaya," in ji Yaya. "Ko a makarantar taku ba a koya muku amsawa?"

"Dada," ta ce, "ba wanda ya shiga lambun tun ranar."

Na ce wace rana. Ta ce ranar da Baba ya tafi.

Na ji kamar an sake ce mini ya rasu. Na ce, "Ku kashe masa iri? Ku da yake kira ma'aikatansa?"

Sai ta fashe da kuka. Ta ce a wurinsu, in mutum ya mutu ya bar shuka a ƙasa, ba mai taɓa ta sai matarsa ta je ta zuba ruwan farko da hannunta, ta nuna ta saki. In wani ya riga ta, kamar ya yi wa mamaci sata ne, kuma duk wanda ya ci abin ba zai ga daidai ba. Ta ce kullum suna tsayawa a bakin shinge suna leƙe, suna jira in fito. Sun ɗauka fushi nake da su.

"Ikon Allah," in ji Yaya. "To ku ci gaba da jira. Wata huɗu ne da kwana goma."

Na aika aka kira mini direkta, shugaban makarantar. Ya zo ya tsaya daga waje, hularsa a hannu. Ya ce gaskiya ne. Ya ce yaran Musulmi sun ɗauki bokitai washegari za su shiga, sauran suka tare ƙofa, aka yi dambe har wani ya rasa haƙori. Shi ya sa ya ɗaure ƙyauren lambun da waya ya ce kowa ya bari, kuma ya ji nauyin ya zo mini da zancen albasa ina cikin wannan hali. Ya ce raɓa da inuwar ciyawa ne suka riƙe irin zuwa yanzu, amma ba za su daɗe ba. Ga hutun Kirsimeti ya matso. In ba a dasa kafin yara su watse ba, sai dai a haƙura da bana.

Na ce masa ba bana kaɗai ba ne. In wannan ya mutu, babu wani.

Yaya ba muguwa ba ce, kada jikata ta rubuta ta a haka. Ƙaninta ne ya mutu, ita ta goya shi. Ta yi ƙoƙarin samo hanya. Da yarinyar ta dawo da yamma Yaya ta ce mata, "Kawo ƙwarya da ruwa, ta tsoma hannu a nan ɗaki, ki kai ki zuba."

"Ba zai yi ba, Hajja. Sai ƙafarta ta taka ƙasar."

"To ni zan je. Ciki ɗaya muka fito da shi."

"Hajja, ke 'yar'uwa ce. Mata ake so."

"Ji mini 'yar nema! Ni da na yi masa wanka yana jariri tare da uwarmu, yau ni ce bare?"

"Ba ni na ce ba, Hajja. Haka muka tarar."

"Mu ma haka muka tarar," in ji Yaya, ta juya mata baya.

Washegari limamin ƙauyen da ya fi kusa da mu ya zo gaisuwa. Ya zauna a waje, asabari a tsakaninmu. Na yi abin da ban taɓa yi ba, na riga Yaya magana. Na ce, "Allah gafarta Malam, mai takaba tana iya fita?"

Ya ce da rana, in akwai larura, tana iyawa, muddin ba ta yi ado ba, kuma ta dawo ta kwana a ɗakinta.

"Albasa larura ce, Malam?" in ji Yaya.

Ya yi gyaran murya. Ya ce abincin yara ne dai.

"Kuma al'adar waɗanda ba sa sallah za ta je ta cika musu. Wannan fa?"

Malam ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce shi bai ga laifin zuba wa shuka ruwa ba, kowa kuma da niyyarsa Allah zai duba shi. Ya ce mai larura ita ta san larurarta. Ya yi addu'a ya tashi da sauri, har ya manta goron da aka ajiye masa.

Da ya tafi Yaya ta dube ni. Ta ce a gidansu ba a taɓa yin macen da ta fita da takaba ba, kuma in labari ya kai Garuwa ita za a zaga, a ce tana zaune aka yi. Ta ce, "Kika taka waje, ni na gama zama."

Na ce, "Yaya, ni ban ruwa zan yi. Abin da ke cikin zuciyar yaran nasu ne. Abin da ke cikin tawa, ƙaninki ne."

"Ƙanina yana kabari. Albasa ba za ta tashe shi ba."

"Na sani."

"To?"

Ba ni da bakin da zan yi mata bayani. Shekara da shekaru ina ganin mutumin nan yana murza busasshen fure a tafin hannunsa, yana hure ƙaiƙayi a hankali kamar mai hura wa jariri ido. Ban iya in zauna a ɗaki da wuƙa a hannu abin nan yana bushewa a bayan katanga ba.

Da safe, bayan yara sun dawo daga gudu, na ɗaura zanena na takaba, na lulluɓa, na sa takalmi. Na ɗauki 'yar wuƙar, don ban fita da niyyar in watsar da komai ba. Yaya tana zaune a kan tabarma, ba ta ɗago ba. Na ce mata na tafi. Ta ce wa bango, "Allah ya kiyaye."

Sanyi ya doke ni a fuska. Ƙafafuna sun manta tafiya. Na bi bayan madafa a hankali, yadda aka ce mai takaba ta yi. Wani ƙaramin aji ne suka fara ganina, suna zaune a rana da kofunansu. Ban ji wanda ya yi kira ba, amma kafin in kai filin ƙwallo duk makarantar tana bayana. Ban taɓa jin yaran nan sun yi shiru haka ba, sai ƙarar silifa kawai. Direkta ya wuce gaba ya kwance wayar da hannunsa.

Na shiga. Takalman robar maigida suna nan a gindin shinge inda ya tuɓe su. Na kawar da ido. Fangali na farko, wanda ya fi shan rana, ya mutu ƙurmus, ya zama kamar gashin masara. Sauran sun kwanta, bakinsu ya yi ruwan ɗorawa, amma gindin da saura.

Doguwar yarinyar ta ruga mayo ta dawo da bokiti. Ta ajiye a gabana ta ja da baya. Na ce bismillahi, na ɗaga shi da ƙarfina na sheƙa gaba ɗaya. Ruwan ya haƙa rami a tsakiyar fangalin, ya kwashi iri ya watsar gefe.

Wani yaro daga baya ya ce, "Kai! Dada ta ɗauka tukunya take wankewa!"

Aka yi masa ca, amma dariya ta riga ta kuɓuce wa wasu. Ni ma na ji ta taso mini tare da hawaye. Gaskiyarsa ne. Duk zamana a wurin nan yanka albasa na sani, ban taɓa shayar da ita ba. Yarinyar ta durƙusa kusa da ni, ta ce, "Ba haka ba, Dada. Sa hannunki a ƙasa, ruwan ya sauka a kansa tukuna." Ta kama hannuna ta nuna mini. Sai ta waiwaya ta yi wa sauran tsawa, "Me kuke kallo? An buɗe! Ku jeru!"

Suka jeru. Wanda ya rasa haƙori da wanda ya cire masa shi suna kusa da juna, bokiti yana wucewa tsakaninsu, suna harare-harare. Ba a yi waƙa ba ranar.

Da na koma gida na tarar Yaya ta ɗaure kayanta. Ta dafa mini ruwan zafi ta ajiye a bakin ƙofa don ƙafafuna, amma ba ta yi mini magana ba. Washegari ta hau motar auduga zuwa Garuwa. Mun ci gaba da gaisawa bayan haka har Allah ya karɓi ranta, sai dai ba ta ƙara kwana a ɗakina ba, ba mu kuma taɓa tada zancen ba. Wannan ma yana cikin abin da nake kuka a kai.

Muka bar iri ya farfaɗo 'yan kwanaki, sannan aka yi dashe ana gobe hutu. Yaran su suka san komai, tazarar da ake bari da yadda ake datse kan ganye. Ni aka ba ni aikin miƙa iri, ina daga zaune. Washegari da rana ta yi, motoci da babura suka kwashe su, makaranta ta zama kango.

Waɗanda garinsu ya yi nisa ba sa tafiya hutu, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Yarinyar nan tana da kuɗin mota, amma ta ce ba za ta ba. Layin ya yi gajarta, bokiti ba ya kaiwa hannu zuwa hannu, sai kowa ya ɗauko nasa tun daga mayo. Na shiga cikinsu. Ruwan ramin da safe kamar ya yanke yatsu. Hannuwana suka tsage, bayana ya riƙe, ga tari. Abokiyar aikina ta ce in bari, na yi abin da ake so, na zuba na farko. Na ce na farko nasu ne, sauran nawa ne. Kowace safiya ina fita, kowace yamma kafin rana ta faɗi ina cikin ɗakina.

Dashen ya kwanta kamar ba zai tashi ba. Kullum in duba in ga ganye a ƙasa, in koma gida ba na iya cin abinci. Ban san haka albasa take yi ba, ba wanda ya gaya mini, su a ganinsu kowa ya sani.

Wata safiya na sauke bokiti ina haki, sai yarinyar ta kira ni daga tsakiyar fili. "Dada, zo ki gani." Na je. Ta buɗa tsoffin ganyen da suka kwanta da yatsa biyu. A tsakiya ga wani sabo ya leƙo, siriri kamar allura, a miƙe. Ta matsa ta buɗa na kusa da shi, shi ma haka. Ta ce, "Ya kama. In kin ga wannan, saiwa ta kama."

Na zauna daɓas a cikin laka. Tun ranar da aka dawo mini da shi ake ce mini in yi haƙuri, in sassauta murya, in yi ta addu'a, kuma na yi. Ranar nan kam na buɗe baki na yi kuka irin na ƙauye, na kira shi da abin da nake kiransa in mu biyu ne. Yaran suka tsaya da bokitai a ka, ba wanda ya ce in yi shiru.

Da na gaji na share fuska da bakin mayafi. Rana ta fara zafi, ga layuka na can ƙarshe ba su sha ba. Na ce wa yarinyar ta kama ni in tashi. Ta ja ni da hannu biyu, na ɗauki bokitina na koma mayo.